Wa Zai Gyara Famfon Unguwarmu?



Kafin ka naɗe wannan takarda ka jefa a aljihu, ko ka miƙa wa yaro ya ƙunsa gyaɗa a ciki, ka ba mu aron kunnenka kaɗan. Maganar da muka zo da ita ta shafi famfon ƙofar gidanka, da kwatar da ke bi ta bayan katangarka, da kuma ɗanka da ya gama makaranta yake zaune a bakin shago yana jiran direban da zai shiga daji da shi. Abubuwan nan uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma bakin igiyar yana hannun majalisar baladiyya da za ka zaɓa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kana zaune a Gurda, ko Mahdiyya, ko Manshiyya, ko Nasiriyya, ko Tayuri, ba sai wani ya zo daga Tarabulus ya gaya maka halin da Sabha take ciki ba. Ka san ranar da wuta ta ɗauke, ruwa ma ɗaukewa yake yi. Ka san kuɗin da mai tanka yake karɓa kafin ya cika maka tankin gida. Ka san lungun da ruwan masai ya kwanta har yara suka jera duwatsu suna tsallakawa zuwa makaranta. Mutanen Ubari da Murzuk da Gatrun da Gat su ma sun san nasu.

Arziki a ƙarƙashin ƙafarmu

Fazzan ba matalauciyar ƙasa ba ce. Rijiyoyin man Sharara da ke kusa da Ubari suna iya fitar da ganga wajen 300,000 a kowace rana, kuma babu filin mai da ya kai su girma a duk Libiya. A arewa da mu, a Hasawna, aka haƙa rijiyoyin da ke ba Babban Kogin da aka fara ginawa a 1984 ruwa. Tun 1996 ruwan nan yake bin manyan bututu, ya ratsa ɗaruruwan kilomita, ya fito a famfunan Tarabulus. Ba mu yi wa kowa baƙin cikin ruwan sha. Abin da muke tambaya shi ne: ƙasar da ta iya kai ruwa daga hamada zuwa bakin teku, me ya hana ta kai shi daga rijiyar unguwa zuwa randar tsakar gida?

Mutanen kudu sun sha yin wannan tambaya da babbar murya. A watan Disamba 2018 matasan da suka kira kansu Fushin Fazzan suka rufe Sharara, suna neman wuta da man fetur da asibiti da aikin yi. A Janairu 2024 aka sake rufewa, kuma koke-koken ba su canja ba. Duk lokacin da aka rufe, sai manya su sauko a jirgi, a sha shayi, a yi alkawari, a buɗe, a koma. Bayan wata biyu famfon unguwa yana nan yadda yake, sai iska yake fitarwa.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Alkawarin da ake yi kullum na sabon gini ne da sabuwar na'ura. Ba a taɓa yin maganar mutumin da zai tsaya a kan na'urar ba. Ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun kawo wa garuruwan kudu motocin kwasar shara, da motocin zuƙe masai, da janareto. Allah ya saka musu. Amma mota ba ta canja wa kanta mai. Injin da ke cikin rijiyar burtsatse ba ya fito da kansa idan ya ƙone. Sai an sami makaniki, da mai aikin wuta, da mai walda, da direba, da akawun da zai rubuta ranar da aka canja matata da ranar da ya kamata a sake. Idan babu waɗannan mutane, kyautar miliyoyin dinari za ta koma tarin ƙarfe a bayan ofis, ƙura ta rufe ta.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Za ka ce ai gwamnati cike take da ma'aikata. Gaskiya ne. A ƙasar da mutanenta suke wajen miliyan 7, sama da miliyan 2 ne ke karɓar albashi daga baitulmali. To ina suke ranar da bututu ya fashe?

Ga yadda abin yake, kuma kai ma ka gani da idonka. Akwai rajista biyu a garin nan. Ta farko tana cikin ofis, a rubuce: sunayen mutanen da ake biya a ƙarshen wata. A cikinsu akwai bayin Allah masu riƙon amana da ke fita aiki ko da albashi ya makara, waɗanda su ne suka riƙe garin nan a shekarun da aka yi ta harbe-harbe, kuma muna jinjina musu. Akwai kuma waɗanda ba su san ƙofar wurin aikinsu ba sai ranar sa hannu, saboda suna da uwa a gindin murhu.

Rajista ta biyu ba a rubuta ta ko'ina ba. Da asuba za ka gan ta a bakin titi: maza sun jeru da shebur da diga da guduma, suna jiran ɗan kwangila ya tsaya da mota ya nuna uku ko huɗu da yatsa. Su ne ke shiga ramin kwata. Su ne ke haƙa layin bututu a tsakiyar rani. Su ne ke loda shara a mota. Ka saurare su, za ka ji da yawansu da harshenmu suke magana. Wani an haife shi a nan, uwarsa ma a nan aka haife ta. Wani ya zo daga Agadas ko Damagaram ko Maraɗi ko Kano. Babu takardar ɗaukar aiki, babu ranar biya tsayayya, babu takalmin roba, babu safar hannu. Idan ƙasa ta rufto wa mutum a rami, 'yan'uwansa ne za su haɗa kuɗin magani.

Wannan tsari ya cuci kowa. Ya cuci lebura, domin zai shekara goma yana aikin bututu, ya san hanyar kowane layi a unguwa fiye da taswirar ofis, amma ranar da ƙarfinsa ya ƙare haka zai tafi hannu rabbana. Ya cuci gari, domin ilimin da ke kan wannan mutum da shi zai tafi, wanda ya zo bayansa kuma sai ya fara tona titi yana lalube. Ya cuci ɗanka, domin ya taso ya ga aikin ruwa da titi da shara aiki ne marar gaba, sai ya juya masa baya.

Ina yaranmu suke tafiya?

Ka ƙirga samarin layinku da suka kai shekara ashirin. Nawa ne suke gida? Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, hanyar daji ta zama makarantar yaranmu. Wasu suka nufi Kuri Bugudi a kan iyakar Cadi, inda faɗa ya ɓarke a watan Mayu 2022 aka kashe mutum wajen 100. Wasu suna fasa-ƙwaurin man fetur da daddare ba fitila. Wasu sun ɗauki bindiga suna tsaron shingen wani mai gida da ba zai san inda kabarinsu yake ba. Ba lalacewa ce ta kai su ba. Yaro yana son ya yi aure, ya taimaki tsohuwarsa, ya sa riga mai kyau ranar salla. Ƙofar da ya gani a buɗe ita ya shiga.

Alhali ga aiki nan jibge a cikin gari yana neman hannu. Kowace rijiyar burtsatse tana bukatar mai kula da inji da allon wutarta. Kowace tashar tura ruwan ƙazanta tana bukatar masu kwana a kanta, domin idan injinta ya tsaya na 'yan sa'o'i, ruwan baya yake dawowa ya ɓullo a titi. Ana bukatar mai auna tsabtar ruwa ya san adadin maganin da za a zuba. Ana bukatar safiyo da zai auna gangaren titi kafin a zuba kwalta, don kada ruwan sama ya kwanta a ƙofar mutane. Ana bukatar direban gireda da na katafila, da birkila mai gina kwalbati, da mai gyaran fitilun titi, da mai tsara zagayen motocin shara. Duk waɗannan sana'o'i ne da mutum zai shiga yana saurayi, ya hau mataki-mataki, ya yi ritaya da fansho da mutunci. A wurare da yawa na duniya haka abin yake. Babu dalilin da zai hana ya zama haka a Sabha.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta

Kada wani ya ce maka wannan ƙaramar magana ce. A daren 10 ga Satumba 2023, wayewar 11, madatsun ruwa biyu suka ɓalle a saman birnin Darna. Sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai kuma ba a gan su ba har yau. Allah ya jiƙan su. An gina madatsun ne tun shekarun 1970, masana sun yi gargaɗi a kan tsagewarsu, an ware kuɗin gyara, gyaran bai yiwu ba. A watan Yuli 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12 a kan wannan sakaci. Ɗaurin bai dawo da ko jariri ɗaya ba.

Za ka ce Darna bakin teku ce, mu hamada muke. To ka tuna Gat a watan Yuni 2019, da ruwa ya malalo ya raba dubban mutane da gidajensu. Ka tuna Sabha kanta a Satumba 2024, da ruwan sama na 'yan sa'o'i ya mayar da tituna tafki, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka. Ruwan sama na Allah ne. Amma magudanar da ta toshe da leda da yashi, wadda ba a yashe ta ba shekara da shekaru, wannan aikin mutum ne da ba a ɗauka ba, ko aka ɗauka bai zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da 'yan takararmu suka ɗaure kansu da shi

Ba za mu yi maka ƙarya ba. Majalisar baladiyya ba ta da ikon komai da komai. Dokar mulkin ƙananan hukumomi mai lamba 59 ta shekarar 2012 ta ɗora mata kula da hidimomin gari, amma kamfanin wuta da kamfanin ruwa na ƙasa ne, kuma yawancin kuɗi daga sama suke saukowa, idan sun sauko. Duk ɗan takarar da ya ce maka zai kawo wutar da ba ta ɗaukewa cikin wata shida, ka riƙe aljihunka. Mu abin da majalisa take da iko a kai, ko take da bakin magana a kai, shi muka ɗauka. Guda shida ne.

Na ɗaya, ƙidaya. Za a bi kowane sashe na ayyuka a ga wa ke cikin rajista, wa ke zuwa aiki. A liƙa adadin a bangon baladiyya kowa ya gani. Wanda yake karɓa ba ya zuwa, a ba shi zaɓi: ya fito aiki, ko ya ba wani wuri.

Na biyu, shela. Duk gurbin aikin da ya buɗe, a liƙa shi a allo, a faɗe shi a rediyo, a kai shi ga masu unguwanni, a kuma bayyana shi da Larabci da Hausa da Tubanci da harshen Buzaye, don kada a ce wani bai ji ba. Jarrabawar ta zama ta hannu. A ajiye wa mutum inji ya kwance ya ɗaura. A ba shi bututu ya haɗa. Inji bai san ɗan wane ba, bai san ƙabila ba.

Na uku, tsani. Wanda ya shiga a lebura ya san cewa bayan shekaru kaza da jarrabawa kaza zai zama mataimakin gwani, daga nan gwani, daga nan shugaban ma'aikata. Wanda kuma ya riga ya ƙware a bakin aiki ba tare da takarda ba, a gwada shi a ba shi shaidar ƙwarewa, ya daina zama baƙo a sana'arsa.

Na huɗu, koyo. Majalisa ta zauna da Jami'ar Sabha da makarantun koyon sana'a na yankin, a riƙa turo ɗalibai suna bin tsofaffin ma'aikata zuwa rijiya da tashar ruwa da garejin motoci, da ɗan alawus a hannu. Tsoho ya sauke abin da ke kansa kafin ya tafi hutu.

Na biyar, haƙƙin lebura. Duk ɗan kwangilar da zai karɓi aikin baladiyya, sai ya rubuta sunan kowane mutum da ya ɗauka, da kuɗinsa, da ranar biyansa. Sai ya ba shi takalmi da safar hannu da hular kwano. Kada a sake tura mutum cikin ramin masai ba igiya a ƙugunsa, ba mai tsaye a bakin ramin, domin iskar da ke taruwa a can tana kashe ƙato kafin ya yi ihu. Ɗan kwangilar da ya cinye guminsa, ba zai sake ganin aikin baladiyya ba. Wannan sharaɗi bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Addininmu ya hore mu da biyan ma'aikaci a kan kari, bai ce a fara duba takardunsa ba.

Na shida, kuɗin gyara. A ware shi daban da kuɗin sabon gini, a kuma karanta wa jama'a yadda aka kashe shi duk bayan wata uku: inji nawa aka gyara, magudana nawa aka yashe, mota nawa ke tafiya, nawa ke kwance.

'Yar'uwa, ke ma da ke ake. Ke ce kike tashi tsakar dare ki tari ruwa idan famfo ya kawo. Ke ce kike kwana a asibiti idan yaro ya sha gurɓataccen ruwa. Doka ta ware wa mata kujera a majalisar baladiyya, kuma ɗakin auna ruwa, da ofishin lissafi, da zanen taswira, da teburin karɓar koke duk wurare ne da 'yarki mai ilimi za ta iya riƙewa. Ki fito ki zaɓa, ki kuma sa ta nema.

Masu cewa kaza da kaza

Wani dattijo zai ce, "Ni ɗana ba zai kwashe shara ba." Baba, muna ganin girmanka, amma ka duba. Wanne ya fi zubar da mutuncin gida: ɗanka cikin kayan aiki yana tuƙa motar baladiyya, ya dawo maka da la'asar, ko ɗanka a bayan Hilux a hanyar da ba ka san ko zai dawo ba? Ƙasar nan da muke takawa, mutanen Jarma na dā sun haƙa mata hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa a Wadil Hayat sama da shekara 2,000 da suka wuce, ɗaruruwansu, har yau ana ganin bakunan ramukan a jere a gindin dutse. Da wannan aiki suka yi noma suka kafa birni a tsakiyar hamada. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa da ayari daga Kano, su bi ta Damagaram da Agadas su sauka Gat da Murzuk, ba su iso da rai ba sai don akwai wanda yake yashe rijiyoyin kan hanya. Mai gyaran ruwa a hamada bai taɓa zama ƙaramin mutum ba.

Wani zai ce, "Duk kanwar ja ce, kowa ya hau ci zai yi." Mun ji, kuma ba mu ce ka yarda da mu don fuskarmu ba. Shi ya sa muka rubuta alkawarinmu da lamba, ɗaya zuwa shida. Ka adana wannan takarda. Idan mun hau muka saɓa, ka zo da ita ƙofar baladiyya ka karanta mana a gaban mutane. Masu riƙe da kujerun yanzu sun sami lokacinsu. Ka tambaye su takarda irin wannan da suka taɓa ba ka.

Wani kuma zai ce, "Mu da ake kallonmu baƙi, me ya haɗa mu da zaɓe?" Wannan ita ce maganar da ta fi yi mana ciwo. Mun san akwai dubban mutane a kudu, an haife su a nan, sun tsufa a nan, amma har yau ba su da lambar ɗan ƙasa, wasu sai lambar wucin gadi. Ba za su iya zaɓe ba, ba a ɗaukar su aikin dindindin. Majalisar baladiyya ba ita ke ba da lamba ba, amma tana da murya a gaban masu bayarwa, kuma wakilanmu ba za su yi shiru a kai ba. Kai kuwa da Allah ya sa kake da lamba da katin zaɓe, ka sani ƙuri'arka ba taka kai kaɗai ba ce. Kana ɗauke da ta maƙwabcinka da ba shi da baki. Idan ka zauna a gida, kun yi shiru ku biyu.

Abin da muke roƙon ka

Ka tabbatar sunanka yana cikin rajistar hukumar zaɓe, ka karɓi katinka, ka san rumfar da za ka jefa ƙuri'a tun kafin ranar. Ka karanta wa wanda bai iya karatu ba wannan takarda, a majalisar shayi, a gareji, a tsakar gida.

Duk ɗan takarar da ya zo unguwarku, namu ne ko na wasu, ka bar shi ya gama jawabinsa, sannan ka yi masa tambaya uku. Mutum nawa ne ke aikin ruwa da kwata a unguwar nan, kuma ina sunayensu? Gurbin aiki na ƙarshe da aka cike, a ina aka yi shelarsa? Idan ɗana ya shiga a lebura bana, me zai zama nan da shekara goma? Wanda ya amsa maka dalla-dalla, ka saurare shi. Wanda ya kawo maka labarin ƙabila ko ya miƙo maka ambulan, ka san bai da amsa.

Ranar zaɓe ka fita da wuri, ka tafi da mutanen gidanka, ka dangwala wa jerin 'yan takararmu. Idan an rufe rumfa kada ka yi nisa, ka jira wakilai su fito da sakamakon da aka liƙa.

Famfon unguwarmu zai gyaru ranar da aka ɗauki mai gyaransa da daraja, aka biya shi a kan lokaci, aka nuna masa gaba. Muna so wannan mai gyara ya zama ɗanka, ya kwana a gida, ka ji motsinsa da asuba yana shirin fita aiki.

Allah ya zaunar da Fazzan lafiya, ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka. Amin.